SQLite a cikin manhajar shago: ya isa ko sai na kafa MySQL?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam, an wuni lafiya, ya zafi? Ni ɗalibi ne nan Damagaram, ina ɗan taɓa rubuta manhaja da Python. Kawuna yana da shagon sari a Kasuwar Dole da wani ƙarami a Matameye, shi ne ya ce in yi mashi abin da za a riƙa rubuta kayan da suka shigo da waɗanda suka fita da bashin mutane. Na yi da Flask, wato kayan aikin Python na gina manhajar da ake shiga ta burauza, bayanan kuma na zuba su a rumbun bayanai na SQLite don shi na tarar cikin Python ɗin. To wani abokina ya ce wai SQLite wasan yara ne sai na kafa MySQL, kuma jiya da yaran shago biyu suka shigar da ciniki lokaci guda sai manhajar ta rubuto mani "database is locked", wato rumbun bayanan a kulle yake. Don Allah in canza ne ko in ci gaba? Kuma ya zan yi da na Matameye?

Amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena, zafi kam sai haƙuri. Kar ka canza komi tukuna. Abin da ka yi daidai ne, 'yan gyare-gyare ne suka rage, kuma wannan kulle da ka gani ba shi ne abin tsoro ba, abin tsoron yana wani wuri, zan zo kanshi.

Bari mu fara da bambancin, don abokin naka a nan ya ruɗe. MySQL da PostgreSQL kamar mangaza ce a kasuwa mai mai gadi a bakin ƙofa: wata manhaja ce daban mai zaman kanta, kullum a kunne, tana jira a ƙofarta (MySQL lamba 3306, PostgreSQL 5432), taka manhajar sai ta je ta yi sallama ta faɗi suna da kalmar sirri sannan a miƙo mata abin da ta nema. SQLite kuwa rumbu ne a tsakar gida. Ba wata sabar da za a kunna, ɗan laburare ne da aka rubuta da harshen C wanda yake shigewa cikin jikin manhajarka, in ka ce a kawo bashin Alhaji wane to manhajar taka ce da kanta take buɗe fayil ɗin ta ɗebo. Duk teburanka, wato jadawalan da bayanan ke jere a ciki, suna cikin fayil guda. Shi ya sa yake da sauri, ba tafiya ba dawowa.

Batun wasan yara kuma, ka ce ma abokinka ya duba aljihunshi. Duk wayar Android da iPhone akwai SQLite a ciki, saƙonnin WhatsApp ɗinshi a cikinsa suke kwance, Firefox da Chrome ma da shi suke aje tarihin shafukan da ka shiga. Wani Ba'amurke ne D. Richard Hipp ya fara shi a shekarar 2000, tsarin fayil na SQLite 3 da muke amfani da shi yanzu tun 2004 yake, kyauta ne ba lasisi ba komi, kuma masu shi sun ce suna da niyyar ci gaba da kula da shi har 2050. Su da kansu sun rubuta cewa shafin da ziyararsa ba ta wuce 100,000 a rana ba bai kamata ya samu matsala da shi ba. To shagon kawu ko ranar jajibirin salla ciniki nawa za a shigar?

Yanzu kullen. SQLite alƙalami ɗaya gare shi, masu karatu ko nawa ne su karanta amma mai rubutu ɗaya ne a lokaci guda, na biyu sai ya jira. Rubutun ciniki guda bai kai ƙiftawar ido ba, kuma Python da kanshi yana jiran daƙiƙa 5 kafin ya yi ƙorafi, kenan in har ka ga wannan saƙo to wani ne ya ɗauki alƙalamin ya ƙi ajewa. Ni sau da yawa in an kawo mani irin wannan, ɗayan uku nake tararwa. Ko dai an yi INSERT (shigar da sabon layi) an manta commit (umarnin tabbatar da rubutun), ko an bar haɗin manhaja da fayil ɗin a buɗe bayan kuskure ya faru a tsakiya, ko kuma, wannan ta sha ba ni dariya, mutum ya buɗe fayil ɗin da DB Browser, manhajar duba fayil ɗin SQLite da hannu, ya gyara wani layi bai danna ajiya ba ya tafi salla, manhajar duka ta tsaya tana jiranshi. Ka duba waɗannan da farko. Kowace buƙata da ta shigo ta buɗe haɗinta, ta gama ta rufe, kar ka yi haɗi ɗaya a saman kod kowa na ja.

Bayan nan ka kunna wani tsarin rubutu mai suna WAL, da umarnin PRAGMA journal_mode=WAL. Tun 2010 aka kawo shi a siga ta 3.7.0. Abin da yake yi, maimakon a rubuta kai tsaye cikin babban fayil sai a fara rubutawa a wani ƙaramin fayil na gefe daga baya a juye, to da haka mai karatu ba ya tare mai rubutu, mai rubutu ba ya tare mai karatu, kawu na duba lissafin wata yaro na shigar da buhun shinkafa ba wanda ya taka wani. Sau ɗaya ake kunna shi ya zauna. Sannan duk aikin da ka san karatu ne da rubutu a haɗe, misali ka duba katan nawa ya saura sannan ka rage, ka buɗe shi da BEGIN IMMEDIATE. Dalili, in ka fara a matsayin mai karatu wani ya riga ka rubutu a tsakani, sa'ad da ka zo rubuta naka SQLite ba zai ma jira ba, take zai ce a kulle yake, don abin da ka karanta ya riga ya tsufa. In ko ka karɓi alƙalamin tun farko sai dai a bi layi.

Akwai wasu halayenshi da ba a faɗa ma sabon shiga. Ba ya kula da alaƙar tebur da tebur sai ka ce mashi PRAGMA foreign_keys=ON, kuma a kowane haɗi sai ka sake faɗa, in ba haka ba za ka iya share mai bashi bashinshi ya saura yana yawo ba mai shi. Kuma yana da kawaici da yawa, gurbin lamba ka zuba mashi rubutu zai karɓa ya yi shiru, sai dai in ka sa STRICT a ƙarshen teburin, wannan daga siga 3.37 ta 2021 ne. Kuɗi kuma ka aje su cikakkiyar lamba, a faran, ba a dala ba. Ka san halinmu, yaro zai ce maka ɗari yana nufin 500, ya ce jikka biyu yana nufin 2000, to ka rubuta a jikin akwatin ƙarara cewa faran ake shigarwa, in ba haka ba wata rana lissafi zai ninka biyar a rasa daga ina. Sunan mutum ko na kaya kuma kar ka taɓa manna shi cikin jimlar SQL, wato umarnin da kake ba rumbun, da hannu, ka sa alamar ? ka miƙa shi daban, ko ba don ɓarayi ba, suna irin Sa'adu mai ɗan waƙafi a sama kaɗai ya isa ya karya maka jimlar.

To ga abin da na ce shi ne na tsoro: inda fayil ɗin yake zaune. Shekarun baya wata makaranta mai zaman kanta ta kira ni, wanda ya yi masu aiki ya sa fayil ɗin a foldar da aka raba ta rezo, wato haɗin kwamfutoci, kwamfuta biyu kowace da tata manhajar suna buɗe shi kai tsaye, wata uku lafiya lau, ranar da aka tashi karɓar kuɗin makaranta fayil ya lalace, kwana biyu muka yi muna tsintar abin da ya saura muna gwadawa da rasit. Kullen SQLite ya dogara ne da kullen fayil na kwamfutar, shi kuwa wannan in ya bi ta rezo ba abin yarda ba ne, WAL ma sam ba ya aiki a haka. Don haka fayil ya zauna a faifan kwamfutar da Flask yake gudana, ita kaɗai ke taɓa shi, sauran kwamfutoci da wayoyi su shigo ta burauza. Kar kuma ka aje shi a foldar static inda hotuna suke, duk wanda ya canki sunan zai sauke bashin kasuwa gaba ɗaya a wayarshi.

Sai kuran, wato wutar lantarki. Ka san yadda take yi mana musamman watan Afrilu da Mayu. SQLite an gina shi ne yadda in wuta ta ɗauke ana tsakar rubutu, in an kunna zai koma yadda yake kafin a fara, ba rabi da rabi. Za ka ga ana ba da shawarar a sa synchronous=NORMAL tare da WAL don ƙarin sauri, da shi fayil ba ya lalacewa amma cinikin ƙarshe da aka shigar dab da ɗaukewar wuta yana iya ɓata. Ni a shago ban ga amfanin wannan saurin ba, ka bar shi a FULL. In kawu zai iya, ya sayi ɗan batirin da ke riƙe kwamfuta, ko ma ku yi amfani da laftof mai batiri mai rai, ya fi komi sauƙi.

Kwafin ajiya kuma kar ka yi shi da kwafa da mannawa manhaja na kunne. In ka kunna WAL za ka ga wasu fayil biyu sun fito kusa da naka, ɗaya ya ƙare da -wal ɗaya da -shm, to cinikin da aka shigar yanzun nan yana iya kasancewa cikin na -wal bai juye ba, in ka ɗauki babban kaɗai ka bar shi a baya, in kuma ka share shi da sunan shara to ka share ciniki. Ka yi amfani da VACUUM INTO ka ba shi sabon suna mai kwanan wata, ko umarnin .backup, su suna fitar da kwafi cikakke ko ana aiki. Kullum da magariba in an rufe, kwafi ɗaya a kile na USB ya tafi gida da kawu, ɗaya a tura intanet. Akwai kuma wata manhaja mai suna Litestream da ke tura canje-canje waje a kai a kai, amma wannan sai ka zauna da ƙafarka.

Na Matameye shi ne mai ɗan wuya, kuma ka lura MySQL ba zai warware maka shi ba, don matsalar ta rezo ce ba ta rumbun ba. Hanya ta farko ka yi hayar ƙaramar sabar a intanet ka ɗora Flask da fayil ɗin can, shagunan biyu su riƙa shiga ta burauza. Sai dai ka tabbata faifan mai ɗorewa ne, don akwai masu ba da haya irin Heroku da faifansu ke komawa fanko duk sa'ad da manhajar ta sake tashi, haka ma Docker, tsarin da ke kunna manhaja cikin keɓaɓɓen akwati, in ba ka ware ma fayil ɗin wurin zama a waje ba. Aibin wannan hanya, ranar da koneksiyon ya yanke ciniki ya tsaya a shago biyu. Hanya ta biyu kowane shago da nashi SQLite, da dare na Matameye ya turo cinikin ranar a haɗa. Ni ita zan zaɓa ma kawu. In za ka bi ta, lambar kowane ciniki ta fara da harafin shagon, misali Z na Zinder, wato Damagaram, da M na Matameye, in ba haka ba ciniki na 15 na nan da na 15 na can za su yi karo ranar haɗawa.

Yaushe za ka bar SQLite? Ranar da manhajar ta girma har sai an ɗora ta kan sabar biyu ko uku duk suna son rubutu wuri guda, ko masu shigar da bayanai suka yi yawan da layin alƙalamin ya fara tsawo da gaske. Ranar nan PostgreSQL zan nuna maka, kuma in tun yanzu ka tattara duk jimlolin SQL ɗinka a fayil guda ko ka bi ta SQLAlchemy, laburaren Python da ke shiga tsakanin manhajarka da rumbun, ƙaurar ba za ta ba ka wuya ba.

Kafin ka miƙa ma kawu, ka ɗauki kwafin jiya ka kai wata kwamfuta daban ka buɗe, ka buga PRAGMA integrity_check, in ya ce ok sai ka duba bashin mutum uku ka gwada da abin da ke cikin littafin shago. Littafin nan ma kar a jefar da shi, a ci gaba da rubuta biyun tare har wata guda. In kullen ya sake dawowa bayan gyaran nan, ka turo mani wurin da kake buɗe haɗin da wurin da kake commit in duba.