Tambayi Likita: Glögg ɗin mutanen Sweden, wai wuta na kashe giyar?

Tunda Disamba ta kama saƙonni suke shigo min kan abu ɗaya daga 'yan uwanmu da ke ƙasashen ƙanƙara, shi ne nace bari in haɗa su in amsa lokaci guda. Glögg jan giyar inabi ce da ake ɗumamawa da kirfa, kanumfari, citta, kadamom, ɓawon lemu da sukari, a zuba a 'yan ƙananan kofuna a jefa zabibi da almon a ciki. A Norway da Denmark gløgg suke rubutawa, a Finland glögi.

Tambaya: Salam likita, ɗalibi ne ni a Uppsala. Ranar bikin Lucia, 13 ga Disamba, maƙwabcina ya miƙo min kofi yace in sha ba komai ai an dafa, giyar ta tafi da tururi. Gaskiya ne?

Amsa: Wa alaikassalam ɗan uwa. Ba gaskiya bane. Eh sinadarin da ke bugarwa yana tafasa a digiri 78, kafin ruwa, amma in yana gauraye da ruwa baya tashi gaba ɗaya, a hankali yake fita. Alƙaluman ma'aikatar noma ta Amurka sun nuna bayan minti 15 a wuta kusan kashi 40 cikin 100 na nan, bayan awa ɗaya kashi 25, ko an kai awa biyu da rabi akwai sauran kashi 5. Kuma shi glögg ma ai ba a bari ya tafasa, da gangan, mai haɗawa yana tsaye kan tukunya da ya ga tururi ya fara tashi sai ya sauke don kar giyar ta gudu, wasu har vodka ko brandi suke ƙarawa. Zaƙi da ƙamshi ne suke rufe ta. In kwalba ce duba jikinta: wanda aka sayo a Systembolaget, shagon giya na gwamnatin Sweden, yawanci mai ƙarfi ne, lättglögg na kanti, wato mai ƙarancin giya, na kaiwa kashi 2.25, wanda aka rubuta "alkoholfri", wato marar giya, ma zai iya kaiwa 0.5, don haka nemi 0.0 ko saftglögg na ruwan 'ya'yan itace. Hukuncinsa a addini kuma na malamai ne, ni lissafi na baka.

Tambaya: Dokta ina aikin dare a Tromsø ta Norway, sanyi kamar ya tsinke kunne. Abokan aiki sunce kofi ɗaya na sa jiki ya ɗau zafi.

Amsa: Yaudara ce wallahi. Giya na buɗe ƙananan jijiyoyin jini na fata, jini mai ɗumi ya taso sama, fuska ta ɗau zafi kaji daɗi, alhali ɗumin cikinka ne yake zirarewa waje. Tana kuma rage karkarwa, ita kuwa karkarwar nan da ita jiki ke haɗa zafi. In zafin ciki ya sauka ƙasa da digiri 35 mutum zai fara ruɗewa, magana na harɗewa, barci na fizgarsa, ya zauna a benci "ya ɗan huta" shikenan. Ka samu hula da safar hannu da shayi a flas.

Tambaya: Likita barka da aiki. Ina Helsinki wajen ɗiyata, inada ciwon suga da hawan jini, tana so ta haɗa mana marar giya. Zan iya sha?

Amsa: Barka dai Hajiya, Allah ya ƙara lafiya. Zaki iya, amma marar giyan shi ne gidan sukari, na kwalba da ake haɗawa da ruwan inabi ko tuffa bai da maraba da lemon kwalba. Ni da zaki ji tawa ta nemo zoɓo a shagon 'yan Afirka, dama can da citta da kanumfari muke dafa shi, ta ƙara sandar kirfa ɗaya da ɓawon lemu, ta barshi minti 20 a ƙaramar wuta ta tace, a sha da ɗumi ba sukari ko kaɗan. Launi ɗaya ne har baƙi ba zasu gane ba. Zabibin ki barwa jikoki. Zoɓo na ɗan saukar da jini, tunda kina kan magani kofi ɗaya ko biyu ya isa, in kinji jiri ki auna. Kirfa kuma ba maganin suga bace duk da abin da ake yawo dashi a WhatsApp, irin ta kasuwa ma tana da sinadarin kumarin da ke wahalar da hanta in ana shan garinta cokali cokali kullum.

Tambaya: Ina shan Flagyl, an gayyace ni walimar ofis a Kopenhagen, zan iya shan gløgg ɗin?

Amsa: Ko kurɓa kar kayi, har sai awa 48 bayan ƙwayar ƙarshe, in ba haka ba amai da bugun zuciya da ciwon kai na iya biyo baya. Zabibin da ke gindin kofin ma kar ka tsinta, a Denmark sau da yawa a cikin giya ake jiƙa shi ya kwana.