Sunan alƙalami: amsa ga 'yar ƙanena

'Yata, saƙonki ya iso. Kin ce kin gama labarinki na farko kina son sakinsa, amma kina gudun kada dangi su ɗauka asirin gida kika zuba a ciki, shi ne kike tambaya ko al'ada ta yarda mutum ya yi rubutu da sunan da ba nasa ba.

Ta yarda mana. Bahaushe bai taɓa rayuwa da suna ɗaya ba. Akwai na yanka, akwai na rana irin su Ladi da Talatu, ga kuma alkunya: uwa ba ta kama sunan ɗan fari, matar aure ba ta kama na maigida. Yarinyar da ta ci sunan kakarta sai ta tashi ana ce mata Ummi, har ta yi aure maƙwabta ba su san na gaskiyar ba. Ɗan Maraya Jos, mutum nawa suka san sunansa Adamu Wayya? A addini ma, Nana A'isha ana yi mata alkunya da Ummu Abdullahi alhali ba ta haihu ba.

Sai dai ki duba ɗaya gefen. Malamanmu masu waƙa da ajami, in sun zo baitocin ƙarshe, sukan faɗi sunansu da na mahaifinsu, wani lokaci har da gari, su sa shekara cikin ramzi, wato lissafi da haruffa, don a san mai magana. Laƙabi a wurinmu mayafi ne: baƙo ba ya gane ki, amma na gida ya san tafiyarki. In nufinki ki faɗi abin da ba za ki iya tsayawa a kansa ba, sunan aro ba zai cece ki ba, kotu ma ba ta duban sunan bangon littafi in aka kai ƙarar ɓata suna.

Iyaka ɗaya ce mai ƙarfi. Kada ki jingina kanki ga uban da ba naki ba. Aya ta 5 cikin suratul Ahzab ta ce a kira mutane da sunan ubanninsu. Don haka ban da ɗaukar sunan wani gidan sarauta ko na malamai, ban da Dakta ko Barista da ba ki karanta ba.

Wajen zaɓe, ki tsaya kan kalma biyu masu sauƙin faɗa. Ki rubuta su a Facebook da Wattpad, manhajar sakin labarai, ki ga ko wata ta riga ki, don masu Maman wane da Ummu wance sun yi yawa, har mai karatu kan tura kuɗi ga wadda ba ita yake nufi ba. Ki guji kalma mai ƙ ko ɗ ko ɓ, yawancin mutane ba sa saka ƙugiya in suna nema a waya. Sunan ɗa shi ne na farko da ke tona asiri, kuma kin ja yaro cikin abin da bai sani ba. Sunan miji kuwa, Allah ya kiyaye, in aure ya mutu sai ki zauna da littafi goma ɗauke da sunan wanda ba kya son ji. Wanda kika zaɓa ki riƙe shi, sauya suna sauya kasuwa ne.

Inda ruwa ya fi shiga gida shi ne kuɗi. Ranar da kika ba mai saye lambar asusu, yana danna transfa cikakken sunanki na BVN zai fito masa. Wasu sukan ba da asusun ƙane ko ƙawa, daga nan rigimar lissafi ke farawa. Hanyar da ta fi ita ce ki yi wa sunan rajistar kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ki buɗe asusu da shi. Sai waya: layinki na haɗe da NIN, manhajar Truecaller kuma na nuna sunan da mutane suka adana ki da shi. Ki yanki sabon layi na rubutu kawai, kada ki ba kowa a dangi, ki hana manhajoji ɗaukar lambobin da ke wayarki, in ba haka ba Facebook da kansa zai nuna wa 'yan uwa sabon shafin. Ko fayil ɗin da kika mayar PDF yakan ɗauko sunan mai kwamfutar a cikin bayanansa, ki goge kafin ki tura. Labarin kansa ma yana magana. In gidan cikinsa mata uku ne, da rijiya a tsakar gida da maigida mai sayar da atamfa, wa kike ɓoye wa? Sauya gari da sana'a da yawan 'ya'ya.

Haƙƙin mallaka naki ne tun daga ranar da kika rubuta, ko da wane suna. Wahalar ita ce tabbatarwa ranar da wani ya karanta labarin a YouTube ba izini, ko wata ta ce ita ce mai sunan. Ki adana rubutun farko, ki riƙa tura wa kanki kowane babi ta imel saboda kwanan wata, in da hali ki yi rajista a Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya. Duk yarjejeniya da mai ɗab'i ko mai fim da sunan yanka ake sa hannu, a ƙara "wadda aka fi sani da" sannan sunan alƙalamin. A doka, haƙƙin marubucin da aka sani yana kai shekara 70 bayan rasuwarsa, na wanda ba a san ko wane ne ba kuwa daga shekarar fitar littafin ake ƙirga 70 ɗin, magada ne ke asarar bambancin.

In kuma kina hangen gasar gajerun labarai irin Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016, ki sani wadda ta yi nasara fuskarta duniya ke gani.

Abu na ƙarshe, mahaifinki. Ki kai masa babin farko da kanki, ki faɗa masa sunan da kika zaɓa tun bai ji a bakin wani ba. In nauyinsa kike ji, ki bari sai na zo ranar Juma'a mu shiga tare. Ki gaida mamanki.