Hukuncin kashe zakka a gidan masu son barin shaye-shaye

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta malam, mu wasu 'yan kasuwa ne a Gusau, mun yi niyyar kama gida haya domin mu tsugunar da mazan da shaye-shaye ya raba da gidajensu, waɗanda ke kwana a tasha da barandar shaguna, ga wanda ya nuna yana son dainawa. Za mu ciyar da su, mu sa malami ya riƙa karantar da su. Shin ya halatta mu yi wannan aiki da kuɗin zakka, alhali wasu na cewa ba a bai wa ɗan ƙwaya zakka? Kuma za mu iya tsare wanda ya nemi gudu, ko mu kori wanda ya koma sha?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Haramcin duk abin da ke gusar da hankali tabbatacce ne, da ayar Ma'ida ta 90 da faɗin Annabi (SAW) cewa duk mai sa maye giya ne, kuma tiramol da kodin da sholisho da wiwi sun shiga ƙarƙashin wannan idan an sha su don buguwa. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya ƙiyasta masu ta'ammali da su a Najeriya sun kai miliyan 14.3, saboda haka aikin da kuka ƙudurta yana cikin farillan da idan wasu suka tsaya da su an ɗauke wa saura. Raba mutum da wurin da ya saba saɓo yana da asali, domin a hadisin wanda ya kashe rai ɗari, malamin da ya buɗe masa ƙofar tuba ya umarce shi da ya bar ƙasarsa ya koma cikin mutanen kirki.

Game da zakka, ayar Tauba ta 60 ta rataya cancanta a kan talauci, ba ta shardanta wa matalauci ya zama salihi ba, kuma mutumin da ba shi da makwanci ko abincin yini matalauci ne ba tare da jayayya ba. Abin da malamanmu na Malikiyya suka hana shi ne miƙa ta ga wanda ake kyautata zaton zai kashe ta a saɓo, amma idan babu wannan zato bayarwa ta halatta. Wannan ƙaidi ya shafi yadda za a bayar ne. Mafita tana cikin ayar Nisa'i ta 5, wadda ta hana a damƙa wa wawaye dukiya a hannu, sannan ta yi umarni da a ciyar da su daga cikinta, a tufatar da su, a gaya musu magana mai daɗi. Saboda haka kowane mutum da kuka karɓa ya wakilta kwamitinku a gaban shaidu ya karɓi zakka a madadinsa, ku kuma ku kashe ta a abincinsa da tufafinsa da maganinsa da rabonsa na kuɗin haya, kuna rubutawa da sunansa. Zakkar gero da dawa da manoma ke fitarwa bayan kaka ta fi sauƙi a nan, tunda abinci ce da kanta.

Sayen fili da gini da albashin mai gadi da na malami kuwa, a mazhabarmu ba a yin su da zakka, kamar yadda ba a gina masallaci da ita, domin ba su zama mallakar matalaucin ba. Waɗannan ku nemo su ta sadaka da wakafi, kuma a ganina ya fi dacewa ku roƙi wani mai hali ya yi wakafin gida a kan ku dogara da haya, don kada mai gida ya tashe ku da zarar maƙwabta sun yi ƙorafi. Ku sanar da Hukumar Zakka da Wakafi ta jiha. Bashin da mutum ya ci don sayen ƙwaya ma ba a biyansa da zakka, sai idan ya tuba, kamar yadda Shehu Halilu ya rinjayar a Muhtasar, littafinsa na fiƙihun Malikiyya.

Tsarewa da ɗauri kuwa ba su halatta gare ku ba. Hukunta mai laifi aikin alƙali ne, kuma kwamiti bai zama alƙali ba don kawai yana ciyarwa. Kowa ya ji abin da aka tarar a gidajen mari da 'yan sanda suka buɗe a Rigasa ta Kaduna da Daura a 2019, inda aka fito da ɗaruruwan mutane da sarƙa a ƙafa da tabon duka, kuma da sunan addini aka yi musu haka. Kuna da damar kafa sharuɗɗa da yardar mai shiga, kamar lokacin rufe ƙofa da binciken aljihu, domin musulmi suna kan sharuɗɗansu, amma baligi mai hankali idan ya nace zai fita sai a bar shi. Wanda hankalinsa ya taɓu har yake barazana ga kansa ko waninsa, a kai shi asibiti ta hannun danginsa ko hukuma, kuma akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware kusa da Sakkwato.

A nan nake son jan hankalinku ga abin da masu kyakkyawar niyya suka fi sakaci da shi. Karatu da zikiri da sallar jam'i suna gyara zuciya, amma jikin da ya saba da ƙwaya yana buƙatar likita, kuma daina wasu ƙwayoyin barci kwatsam na iya jawo jijjiga mai haɗari. Idan likita amintacce ya tsara a riƙa rage wa mutum a hankali, babu laifi a kan mai shan wannan ƙididdigaggen magani, kuma Ibnu Hajar Alhaitami ya yi fatawa makamanciyar wannan ga wanda ya jarabtu da afiyun, wani nau'in kayan maye, har barinsa zai halaka shi, tare da wajabta masa ragewa har ya daina. Wannan rangwame yana hannun likita ne kaɗai, mai sha ba ya auna wa kansa.

Wanda ya koma sha kada a kore shi saboda komawar kawai. Buhari ya ruwaito labarin mutumin da aka yi ta kawowa gaban Annabi (SAW) saboda giya, har wani ya la'ance shi, sai Annabi ya hana, ya shaida cewa yana son Allah da Manzonsa. Wanda ake fitarwa shi ne mai shigo da ƙwaya gidan, ko mai sayar wa 'yan uwansa, ko mai cutar da maƙwabta, domin ba a cuta kuma ba a ramuwa da cuta, kuma mai sayarwar a sanar da hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi game da shi. Idan ya dawo daga baya yana neman a sake karɓarsa bisa sharuɗɗan farko, ku duba halinsa, in kun ga alamar gaskiya ku karɓe shi. Allah ne Mafi sani.