An ci ni tarar ajiye mota a gurbina: shin dole ne in biya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Birmingham, a wani bene mai gidaje da yawa, kuma takardar mallakar gidana ta ba ni gurbin ajiye mota guda ɗaya. Masu kula da ginin sun ɗauko wani kamfani mai sa ido kan motoci, shi kuma ya aiko mini da takardar biyan fam 100 saboda ban liƙa katin izini a gilashi ba. Shin dole ne in biya?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Kafin ka biya ko sisi, ka ɗauko takardar mallakar gidan ka karanta ta da kyau, domin a nan ne hukuncin yake.

Abin da kamfanin ya aiko maka ba tarar hukuma ba ce irin ta ƙaramar hukuma ko ta 'yan sanda. Da'awa ce kawai cewa ka karanta allon da suka kafa, ka amince da sharuɗɗansa, sannan ka saɓa. Kotun Ƙolin Birtaniya ta karɓi irin wannan hujja a 2015, a shari'ar ParkingEye da Beavis, inda ta tabbatar da cajin fam 85, amma wannan filin kasuwa ne wanda direba ya shiga a matsayin baƙo. Kai kuwa kana da haƙƙin gurbin tun kafin kamfanin ya zo, don haka ba shi da abin da zai ba ka a madadin amincewarka. A 2016, a shari'ar Jopson da Homeguard, alƙali a Oxford ya yanke cewa allon kamfani ba zai rage haƙƙin da takardar gida ta bai wa mazauniya ba. Hukuncin bai ɗaure sauran kotuna ba, sai dai alƙalai na sauraron sa.

Inda ake samun tangarɗa shi ne wasu takardun na ɗauke da sakin layi da ya bai wa mai ginin damar kafa ƙa'idoji masu ma'ana, kuma da shi kamfanonin ke fakewa. A ganina tsara yadda za a yi amfani da fili daban, ɗora wa mai gurbi bashin fam 100 kuma daban. Idan sauya takardar ake so, sashe na 37 na dokar masu gida da 'yan haya ta 1987 ya buƙaci, a ginin da ya haura gidaje 8, amincewar kashi 75 cikin ɗari na waɗanda abin ya shafa, kuma masu adawa kada su wuce kashi 10.

Ka fara rubuta wa masu kula da ginin, tunda su suka ɗauko kamfanin kuma suna iya umartar sa ya soke cajin. Ka ɗaukaka ƙara ga kamfanin a rubuce tare da kwafin shafin da ya ambaci gurbinka. Idan ya ƙi, akwai POPLA ko IAS, wato cibiyoyi masu zaman kansu da ke sauraron ɗaukaka ƙara kan irin wannan caji, gwargwadon ƙungiyar kamfanonin ajiye motoci da yake ciki. Kamfanin ba shi da ikon ɗaure tayar motarka, domin dokar 2012 ta haramta hakan a filaye masu zaman kansu a Ingila da Wales.

Wasiƙun masu karɓar bashi barazana ce kawai, amma takardar kotu kada ka yi wasa da ita. Ka amsa cikin kwana 14, in ba haka ba za a yanke hukunci a bayan idonka, kuma idan ba ka biya cikin wata ɗaya ba zai zauna a tarihin bashinka shekara 6.