Walƙiyar da ke gindin bututu

To, wai ka haɗa siRNA, wato guntun RNA mai rufe bakin ƙwayar gado, wanda aka maƙala wa rini mai walƙiya, da 'yan jakunkunan da ƙwayoyin halitta ke fitarwa, waɗanda ake kira ekzosom, ka buga musu lantarki, ka juya su a inji, ga abin da ya kwanta a gindin bututu yana ta walƙiya, kana tambaya ko magani ya shiga ciki. Ɗana, ajiye wayar nan tukuna. Ku yaran yanzu da kun ga haske sai ku ɗauki hoto ku tura wa abokai a WhatsApp, ba ku tsaya tambayar me ke hasken ba.

Yadda ake tace jakunkunan, da juya su a inji da ƙarfin da ya ninka jan ƙasa sau 100,000, da duba furotin ɗin CD63 da CD81 da ake gane su da su, ba zan ɓata bakina a kai ba. Wanda bai iya wannan ba ya koma kasuwar Kejetia ya sayar da caja.

Tambayarka ta tono mini wani likita da ya dawo daga Turai, ya same ni a nan Kumasi da takardar mutanen Oksfod ta 2011 a hannu. Ka san ta: suka ɗora wa ekzosom guntun furotin RVG, na ƙwayar cutar haukan kare, don ya nemi ƙwayoyin jijiya, suka cusa masa siRNA da lantarki, suka yi wa ɓeraye allura, aikin ƙwayar gado ta BACE1, mai alaƙa da cutar mantuwa ta Alzheimer, ya ragu da kusan kashi 60 cikin ɗari a ƙwaƙwalwa. Shi ma irin wannan yake so, wai a kan wata cutar daban. Ya ce kuɗin tallafinsa na hanya, in fara da nawa. Ɗan zango ne, mun sha haɗuwa a masallacin Juma'a a Aboabo, sai na amince. Na sayi ruwan jinin maraƙi, abincin ƙwayoyin halittar da muke rainowa, da kuɗin aljihuna, lokacin dala na hawa sidi na sauka kullum. Shi kansa ruwan sai ya kwana a inji an fitar da jakunkunan saniya daga cikinsa, in ba haka ba na saniya za ka yi ta aunawa. Ga dumso, wato ɗauke wutar lantarki, a ganiyarsa, ni ke sayen man janareta don kada firiza mai sanyin 80 ƙasa da sifiri ta narke. Matata ta yi magana har ta gaji.

Da muka buga lantarki, gindin bututu ya haska kamar naka. Likita har da tafi. Ni kuwa na ajiye bututu ɗaya a gefe, siRNA zalla, babu jaka ko guda a ciki. Na buga masa lantarki, na juya. Shi ma ya haska! Ka ga ke nan maganin ne ya dunƙule kamar gudajin koko, nauyinsa ya ja shi ƙasa tare da jakunkunan. Ƙarfen alminiyon da ke cikin kofin lantarkin ne ke saki cikin ruwan ya haɗe shi. Masana a Utrecht sun nuna haka tun 2013, sun ce abin da ke shiga ciki da gaske bai kai kashi 0.05 cikin ɗari ba.

Na nuna masa. Ya ce ni na lalata masa aiki, wai ma'aikacin ɗakin gwaji ba ya koya wa likita karatu. Ya kwashe jakunkunan da na yi watanni ina tarawa, a cikin kular ƙanƙarata ma, ya kai wa wani yaro a Akra wanda ya rubuta masa lambar da yake so. Ko pesewa bai biya ni ba. Na kai ƙara wurin liman, ya yi rantsuwa wai taimako na yi don Allah. Har yau in muka haɗu a jana'iza shi ke fara miƙo hannu, ko kunya babu. Kular ma bai dawo da ita ba.

Ni dai tun daga nan ban ƙara yarda da lantarki ba. In dole ne, zuba sinadarin EDTA kaɗan ya kama ƙarfen, amma za ka ga lambar abin da kake zaton ya shiga ta faɗi warwas. Na fi son siRNA mai jelar kolestarol, a gauraya su da ɗan ɗumi ya maƙale a fatar jakar da kansa. Kuma ko ya shiga, da sauran tafiya: yawancin abin da ka zuba a jini hanta da saifa ke kwashewa, shi ya sa patisiran, maganin siRNA da Amurka ta amince da shi a 2018, mai tafiya cikin ƙwayar kitse, hanta ya nufa tun farko. Wanda ƙwayar halitta ta haɗiye ma sai ya kuɓuta daga aljihun da ke narkar da shi kafin ya rufe bakin ƙwayar gado.

Je ka haɗa bututun siRNA zalla, ka kawo mini sakamakon biyun gefe da gefe bayan la'asar. Kuma ka daidaita nauyin bututun kafin ka tayar da injin, jiya daga bakin ƙofa nake jin yana kaɗawa.