Mai raino ɗaya, yara cike da ɗaki: ta ina za a fara gyara?

Tambaya: Ina sana'a a kasuwar Dole. Kullum da safe nakan bar ɗana mai shekara 2 wajen wata dattijuwa a unguwarmu ta Garin Malam. Yara sun yi mata yawa, ga zawo yana yawo a tsakaninsu. Ba na son in ci mata fuska. Yaya za mu yi? Daga wata uwa, Damagaram.

Amsa: Ƴar'uwa, kin yi daidai da kika tsare mutuncinta. Iya ba ta yi laifi ba, hannu ne ya yi mata kaɗan. Babba ɗaya ba zai iya lura da jarirai fiye da 3 ko 4 ba, komai ƙwarewarsa, domin yaro ƙarami goyo yake so, da ciyarwa, da wanda zai yi masa magana. A shekaru 3 na farko ƙwaƙwalwa ta fi saurin ginuwa, kuma hira da wasa ne ke gina ta.

Kada ki je ke kaɗai. Tara iyayen yaran, ku zauna da Iya, ku fara da godiya. Sannan ku yi asusu kamar yadda ƙungiyoyin Mata Masu Dubara ke yi, ku ɗauko mata mataimakiya babba, ku riƙa biyan ta. Na ce babba, don abin da ya fi ci mini rai shi ne a cire yarinya mai shekara 9 daga lakwal a ɗora mata goyo. An gyara yaro ɗaya, an tauye wata.

Zawo kuwa daga hannu da ruwa yake shigowa. Kowa ya san tsadar ruwa a Damagaram, shi ya sa kuɗin mai garuwa da na sabulu za su fara fita daga asusun. Randar sha ta zauna a rufe da modarta, kashin yaro ya tafi masai nan take, a wanke hannu kafin a taɓa kunu. Wanda zawo ya kama, a ba shi ruwan gishiri da sukari na likita, da zinki na kwana 10 zuwa 14.

Sai ku fita waje da maganar. Ku rubuta yawan yaran unguwa da iyayensu mata ke wuni a kasuwa, ku kai wa mai unguwa ya raka ku ofishin magajin gari. Ku nemi abu takamaimai: fili mai inuwa da masai don jardan ɗin unguwa, wato wurin rainon ƙananan yara. Ku roƙi likitar CSI, wato ƙaramar cibiyar lafiya ta gwamnati, ta turo ma'aikaciya ta duba katin rigakafi, ta auna damtsen yara don gano tamowa. Tun 2006 gwamnatin Nijar ta ayyana kula da lafiyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta, don haka haƙƙinku kuke nema.

Da damina kuma, ku tabbatar masu rabon maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro sun san gidan Iya, tunda can yaran suke wuni.