Amsa: Wai Hindu saniya suke bauta wa?

Malam ka tambaya ko saniya Hindu suke bauta wa, gaskiya ba haka kawai abin yake ba, girmama ta suke kamar uwa saboda nonon da take bayarwa, shi ya sa a Indiya za ka ga ta kwanta tsakiyar titi motoci na kauce mata. Alloli gare su da yawa, manyan su ne Brahma, Vishnu da Shiva. Abin da ya fi ba ni mamaki, sun yarda in mutum ya mutu ransa zai dawo cikin wani jiki, aikinsa wato karma ke yanke inda zai faɗa, har ya samu moksha ya huta da zagayen.